Zauren Malam: Ƙararrawar Safe da Barcin 'Ya'yanmu

A kowane aji akwai yaron da gyangyaɗi yake kayar da shi tun ba a gama darasin farko ba. Mu malamai mun san shi. Iyaye ma sun san shi, gama da ƙyar aka tashe shi a gida. Sunan da muka saba ba abin shi ne ragwanci, maganinsa kuwa tsawa, ko a ce ya je bayan aji ya tsaya. To, a watan jiya muka kai wa 'yan babban aji takardu biyu domin darasin karatu da fahimta, dukansu a kan barcin matasa da lokacin shiga makaranta. Mun je koyarwa, sai darasin ya juyo kanmu.

Takarda ta farko labarin birnin Siyatil ne, can arewa maso yammacin Amurka. A shekarar 2016 hukumar makarantun birnin ta ɗaga lokacin shiga manyan makarantun sakandare daga ƙarfe 7:50 zuwa ƙarfe 8:45 na safe. Ba haka kawai suka yi ba. Tun a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara kada a fara darasin matasa kafin ƙarfe 8:30. Hujjarsu ita ce, sa'ad da yaro ya fara balaga, agogon jikinsa yakan ja baya. Akwai wani sinadari, melatonin, wanda ƙwaƙwalwa take saki da dare domin ya kawo barci. A jikin matashi yakan makara, har ya zama da wuya barci ya ɗauke shi kafin wajen ƙarfe 11. Wata masaniya, Mary Carskadon ta Jami'ar Brown, ta yi shekaru tana bin diddigin wannan. Ga shi kuma likitoci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Ku yi lissafin da kanku: wanda ya kwanta ƙarfe 11, aka tashe shi ƙarfe 5:30, yana bin darensa bashi.

Da aka gama karantawa, aji ya ɗauki murna, watau an samo musu lauya. Wani ma ya ce a kai wa hedimasta takardar yanzu-yanzu. Muka ce a dakata. Mai karatu na ƙwarai ba ya tsayawa a kan babban rubutun da ke bisa. Yakan tambaya, me aka auna, a jikin wa, da wane ma'auni?

Muka koma muka bi takardar layi layi. Masu bincike na Jami'ar Washington ne suka yi aikin, suka buga shi a 2018. Ba tambayar yaran suka yi ba, gama kowa ya san yadda yaro yake amsa irin wannan tambaya. Wata 'yar na'ura mai kama da agogon hannu suka ɗaura musu har mako biyu, tana lura da motsinsu dare da rana. Kafin canjin, barcin yaran awa 6 ne da minti 50. Bayan canjin ya zama awa 7 da minti 24. Ribar ke nan, minti 34. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, yaran ba su ƙara daɗewa a farke da dare ba, kamar yadda mu manya za mu yi zato. Lokacin kwanciyarsu bai gusa sosai ba, safiyar ce ta ƙaru.

Amma wata yarinya mai kaifin ido ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai har yanzu ba su kai awa takwas ɗin ba." Gaskiyarta. Muka kuma nuna musu cewa makarantu biyu kaɗai aka auna, yaran kuwa ba su kai 200 ba. Takardar ta ce makin jarrabawa ya ƙaru da kashi 4.5 cikin ɗari, amma waɗanda aka auna a shekara ta biyu ba su ne na shekara ta farko ba, wani rukuni ne dabam. Saboda haka ba za a rantse cewa barcin ne kaɗai ya ɗaga makin ba. Raguwar makara da fashi kuwa, a makaranta ɗaya aka gan ta, wadda 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa a cikinta. Duk wannan yana cikin takardar, sai dai a can ƙasa yake, inda idon mai gaggawa ba ya kaiwa.

Takarda ta biyu ta masu lissafin kuɗi ce. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019, ta fara aiki a 2022, cewa kada babbar sakandare ta fara kafin ƙarfe 8:30. Jihar Fulorida ta yi irin wannan doka a 2023, amma a 2025, tun ba ta fara aiki ba, aka sassauta ta. Dalili? Motocin ɗaukar 'yan makaranta. A can mota ɗaya takan kai manya, ta komo ta ɗauki ƙanana. In an jinkirta wa manya, ko dai a ƙaro motoci da direbobi, ko ƙanana su fita da sassafe, iyaye masu zuwa aiki kuma su rasa yadda za su yi. Muka tambayi aji, wace takarda ce ta yi ƙarya? Suka yi shiru, sa'an nan wani ya ce babu. Lalle babu. Ta farko tana maganar jikin yaro, ta biyu tana maganar aljihun hukuma, kowace kuwa ta yi shiru a kan abin da ɗayar ta ɗauka da zafi.

Saura tambaya guda, wadda muke ganin ta fi duka: a ina aka yi abin? A Siyatil, cikin watan Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 saura kaɗan, watau yara suna fita daga gida cikin duhu da sanyi. A Kano kuwa, ko cikin hunturu, rana ta fito kafin ƙarfe 7. In muka jinkirta shiga da awa guda, sai mu tura darasin ƙarshe cikin zafin ranar Maris da Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano. Makarantun da ke da 'yan safe da 'yan rana fa, ina za su sa wannan awa? Don haka ba mu ga a ɗauko ƙarfe 8:30 na Amurka a dasa a nan kamar dashen mangwaro ba.

Duk da haka jikin matashi ɗaya ne, ko a Siyatil ko a Zariya, kuma a nan ne takardar ta kama mu. Yarinyar da ta gama wanke-wanke ƙarfe 10, ta zauna aikin gida da muka jibga mata, ta tashi da asuba ɗiban ruwa da shara, wa ya ci barcinta? Wani lokaci sai tsakar dare ake kawo wuta, gida duka ya tashi guga da cajin waya. Ga wayar kanta, da haskenta a fuskar yaro a ƙarƙashin mayafi. Mu kanmu mun taɓa tsayar da wani yaro a bayan aji kwana uku a jere, daga baya muka ji shi yake taya mahaifiyarsa jiran tebur a bakin hanya har dare ya raba. Har yau abin yana damunmu.

Mun ba aji aiki. Kowa zai rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi har mako biyu, da abin da ya hana shi kwanciya da wuri. Mu ma mun yi alkawarin rage aikin gida a waɗannan makonni, mu ga ko za a sami bambanci. Iyayen da ke da matasa a gida suna iya gwada wannan da takarda da fensir kawai, in sun ga abin da ya ba su mamaki su rubuto wa Edita. Yaran dai sun kafa mana sharaɗi ɗaya, wai mu ma sai mun rubuta namu, a manna a jikin allo kowa ya gani.