Lambar da Euler ya tantance da idon zuci

Sharhinmu na yau kan lamba ɗaya ce tak: 2,147,483,647, wato biliyan 2 da miliyan 147 da dubu 483 da 647.

Wannan lamba ba ta rabuwa. Duk abin da ka raba ta da shi sai an samu saura, in ban da 1 ko ita kanta. Irinta su ne 2 da 3 da 5 da 7, kuma tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa Euclid ya tabbatar cewa ba su da iyaka.

To amma lambobi ma suna da dangi. Ka fara da 1 ka yi ta ninkawa, 2, 4, 8, 16, har ninki 31, sannan ka cire 1, ita za ka samu. Marasa rabuwa masu wannan siffa ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648, kuma tamu ita ce ta takwas a jerinsu. Siffar kaɗai ba ta wadatar ba: ninki 11 yana ba da 2,047, wadda 23 sau 89 ce. Ita kuwa tamu gado ta yi ta biyu, domin 31 ɗin ma 'yar gidan Mersenne ce, wato 32 a cire 1. Masu irin wannan asali guda huɗu kacal aka sani.

Leonhard Euler ne ya tabbatar cewa tamu ba ta rabuwa a 1772, lokacin da idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya fara gano cewa duk mara rabuwar da za ta iya raba ta, dole in an raba ta da 248 ta bar saurar 1 ko 63. Nan take dubban lambobi suka fita daga layi, ya gwada 'yan kaɗan da suka rage.

Yau tana cikin na'urorinmu. Ita ce iyakar ƙirgen tsofaffin manhajojin kwamfuta da yawa, kuma agogon da ke lissafa daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairu 1970 zai cika a kanta ranar 19 ga Janairu 2038. Shi ya sa injiniyoyi ke ta sabunta na'urori tun yanzu.

Mafi girma da aka sani a danginta, wadda Luke Durant ya gano a Oktoban 2024, tana da alƙaluma sama da miliyan 41. Na'ura ce ta yi wannan aiki, amma dabarar rage wahala kafin a fara lissafi daga kan mutum ta fito. Malaman lissafi, a koya wa yara tambayar dalili kafin haddar amsa.