Shafin Intanet Marar Dillali: Me Ya Sa Ake Leƙowa A Wuce?

A Unguwar Shanu da maƙwabtanta, irin su Abakwa da Unguwar Kanawa da Unguwar Sarki, ba abin mamaki ba ne yanzu a ga allon makaranta mai zaman kanta, ko na shagon kujeru da gadaje, ko na masu haɗa wutar sola, ɗauke da adireshin shafin intanet a ƙarƙashin lambar waya. Mai sana'ar ya biya kuɗi an gina masa shafin, an zuba hotuna, an rubuta tarihin kamfani da Turanci mai daɗin ji. Bayan 'yan watanni wanda ya gina shafin yakan nuna masa alƙaluman da ke cewa mutane suna shiga. Amma wayarsa ba ta ƙara yawan ƙara ba, kuma babu wanda ya zo shago ya ce a intanet ya gan shi. Daga nan sai ya yanke hukuncin da aka saba ji: mutanen Arewa ba su kai ga ciniki ta intanet ba tukuna.

Wannan hukunci bai yi wa jama'a adalci ba. Su ne dai mutanen da ke sayen atamfa da turare da kayan kicin daga hannun matan da ke talla a WhatsApp da Instagram, su tura kuɗi ga wadda ba su taɓa gani ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin kuɗi, har mai shayi da mai kayan miya sun saba da taransifa ta OPay da Moniepoint. Mai saye ya daɗe da shiga intanet. Abin da ya rasa a yawancin shafukan 'yan kasuwa shi ne abin da kasuwar Hausa ta daɗe da tanadar wa baƙo, wato dillali.

Sunan Unguwar Shanu kansa yana kai tunani ga sana'ar da ta fi kowace fito da wannan aiki. A farkon shekarun 1960 masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1969. Ya bayyana yadda falke ke kawo shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigida, dillalan maigidan su haɗa shi da mahautan Yarbawa, a sayar da shanun bashi ba tare da takarda ko banki ba. Falken bai san mahaucin ba, amma ya san maigida, kuma maigidan ne ke tsayawa idan mahauci ya ƙi biya. La'adar da dillali ke karɓa ladan abubuwa huɗu ce: yana tarbar baƙo nan take, yana sanar da shi farashin kasuwa, yana tsaya masa a kan amana, kuma yana kai shi gaban wanda zai sallama. Wanda ya leƙa kowace kara a yau, daga zangon Tudun Wada na Kaduna zuwa Wudil, zai tarar da aikin bai canja ba.

Maziyarcin shafin intanet baƙo ne a wannan ma'ana. Bai san mai shago ba, ba ya ganin fuskarsa, babu wanda ya rako shi. Shafin da zai sa shi ya yi magana sai ya yi masa waɗannan ayyuka huɗu. Yawancinsu kuwa allon talla ne kawai aka mayar cikin waya.

A ɗauki misalin ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki zuwa Kaduna, ya kama haya a Unguwar Shanu, yana nema wa 'ya'yansa uku makaranta kafin a koma hutu. Da daddare ya ɗauki waya ya buɗe shafin wata makaranta.

Cikas na farko shi ne shafin ya buɗe. An gina shi a kan babbar kwamfuta mai intanet mai ƙarfi, a nan kuma aka nuna wa mai makaranta ya yaba. Uban yara kuwa yana riƙe da ƙaramar waya, sabis yana rawa, caji ya kusa ƙarewa saboda babu wuta, manyan hotuna da bidiyon da ke kunna kansa suna shan data. Wani bincike da Google ya fitar a 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. A Nijeriya jiran ma kuɗi ne, musamman tun Janairun 2025 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Shafi mai nauyi yana cajin baƙo kuɗin shiga tun kafin ya gaishe shi.

Idan ya buɗe, me uban ke nema? Nawa ne kuɗin zango ɗaya, ko akwai sashen Islamiyya da hadda, ƙarfe nawa ake tashi, ko akwai motar ɗaukar yara, yaushe ne jarrabawar shiga. Abin da yake tararwa shi ne jawabin shugaban makaranta, da dogon bayani kan manufa da hangen nesa, da alwashin samar da shugabannin gobe. Tun 1997 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya gano cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda ya gwada ba sa karanta shafi kalma bayan kalma. Ido kawai suke bi da shi suna neman abin da ya kawo su. Wanda bai ga amsarsa a saman shafi ba yakan ɗauka babu ita.

Batun farashi shi ne inda 'yan kasuwa suka fi turjewa, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Suna tsoron abokin hamayya ya gani ya karya farashi. Suna kuma fama da hauhawar da ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, lokacin da kuɗin katako ko batirin sola na wannan mako kan bambanta da na makon jiya. Ga al'adar ciniki, inda mai kaya ke cewa a taya, mai saye ya taya, a ce albarka, a yi ta ja har a sallama. Sai dai tayi yana yiwuwa ne idan kaya na gaban mutum, yana kuma ganin abin da na kusa da shi ya biya. Wanda ke kwance a ɗakinsa da waya ba shi da wannan ma'auni, kuma mutum mai mutunci ba ya son ya kira ya ji adadin da ya fi ƙarfinsa, ya rasa yadda zai janye ba tare da jin kunya ba. Saboda haka ba ya kiran. Abokin hamayya kuwa ya riga ya san farashin, domin aiken yaro ɗaya ya ishe shi. Mai saye kaɗai ake ɓoye wa. Maganin hauhawa shi ne a rubuta daga nawa zuwa nawa, a sa ranar da aka sabunta, kamar yadda dillali ke cewa ga yadda kasuwa ta ci jiya.

Sai amana. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma 'yan Nijeriya sun biya kuɗin koyon wannan darasi da tsada. MMM da ta rufe asusun jama'a a Disamban 2016, da CBEX da ta durƙushe a Afrilun 2025, duk sun zo da shafuka masu kyan gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kyan shafi ya daina zama shaida. Wani lokaci ma shi ke ta da zargi, musamman idan hotunan da ke kai na Turawa ne sanye da kwat suna musabaha a ofishin gilashi, alhali shagon yana bakin titi a Abakwa. Abin da ke kwantar da hankali ba shi da tsada: sunan mai sana'a da hotonsa a bakin aikinsa, hoton ginin kamar yadda mai wucewa zai gan shi, ayyukan da aka gama da unguwannin da aka yi su, da lambar rajistar Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, CAC, wadda kowa zai iya bincikawa a shafin hukumar. Haka nan kwatance irin wanda ake yi wa direban Keke Napep, a ce bayan masallaci kaza ko daura da gidan mai kaza, ya fi lambar gida amfani. Kuma sai an riƙa sabunta shi. Aikin sabunta birni da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya sake gina gadar Kawo, ya rushe kasuwanni irin su Kasuwar Barci domin a gina sababbi, kuma shaguna da dama sun tashi. Wanda ya bi tsohon adireshi ya tarar da wani a wurin ba zai sake gwadawa ba.

A ƙarshe, a ce uban yaran ya gamsu yana son magana. Shafin sai ya miƙa masa fom: suna, adireshin imel, taken saƙo, saƙo. Mutane da yawa suna da imel ne kawai domin wayar Android ta buƙace shi ranar da aka saye ta, ba sa buɗe shi. Sun saba da kira, ko saƙon murya da Hausa, inda za su yi sallama, a amsa, a gaisa, sannan a shiga magana. Fom ba ya amsa sallama. Mafi muni, sau da yawa saƙon yana faɗawa cikin akwatin imel da mai gina shafin ya buɗe, wanda babu kowa a makarantar da ya san kalmar sirrinsa. Wannan cuta ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A 2011 mujallar Harvard Business Review ta wallafa binciken da aka gwada kamfanonin Amurka 2,241 da saƙon neman bayani ta shafukansu. Kashi 37 cikin 100 ne suka amsa cikin awa ɗaya, kashi 23 ba su taɓa amsawa ba. Masu binciken sun kuma gano cewa wanda ya amsa cikin awa ɗaya ya fi wanda ya ƙara ko da awa ɗaya a kai damar samun tattaunawa mai ma'ana da kusan ninki 7. Uban da bai ji amsa ba zuwa safiya zai tambayi abokin aikinsa a ofis, ya kai yaransa inda aka nuna masa. Kujeru uku ke nan sun tafi, na shekaru da dama, daga makarantar da ke lissafin albashin malamai kowane ƙarshen wata.

Laifin ba na masu gina shafuka kaɗai ba ne. Yadda ake ƙulla aikin ne ke haifar da sakamakon. Ana biyan matashin sau ɗaya, ranar da ya miƙa aiki, kuma ma'aunin shi ne ko shafin ya burge mai biya. Mai biya kuwa yana son abin da zai nuna wa abokai da 'yan'uwa. Babu wanda ke wakiltar baƙon da zai shigo da dare da ƙaramar waya. Dillali yana cin la'ada ne idan ciniki ya faɗa, shi ya sa hankalinsa ke kan mai saye. Da mai sana'a zai tambaya kowane wata mutum nawa ne suka kira ko suka turo saƙo daga shafin, maimakon mutum nawa suka shiga, da an gina shi daban tun farko.

Wasu za su ce to a bar shafin mana, tunda WhatsApp da Instagram suna biyan buƙata. Ga mai ƙaramar sana'ar da abokan cinikinta ke cikin lambobin wayarta, wannan magana tana da ƙarfi, kuma WhatsApp Business da aka fitar a 2018 ya ba ta kundin kaya da saƙon tarba kyauta. Sai dai rumfar haya ce a kasuwar wani. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa 6 a duniya baki ɗaya. Gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu talla a can suka wayi gari babu rumfa. Ban da haka, akwai masu sayen da sai ta bincike a Google suke iso ga mutum: jami'in sayayya na wata ƙungiya, ɗan Kaduna mazaunin Ingila da ke son sa wa iyayensa sola, baƙon da bai san kowa a gari ba. Su ne sau da yawa masu babban ciniki, su ne kuma suka fi buƙatar wanda zai tsaya musu. Shafi yana da amfani idan ya zama zaure: wuri mai sauƙin shiga, inda baƙo zai san gidan wa ya zo, ya ji abin da ya zo nema, sannan maɓalli ɗaya ya kai shi ga kira ko WhatsApp na mutum mai suna, wanda aka rubuta lokutan da yake amsawa, da Hausa ko Turanci. Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi ta tabarma.

Akwai gwajin da kowane mai shafi zai iya yi ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ya sami wani ɗan'uwa da bai taɓa ganin shafin ba, ya ce ya buɗe shi a wayarsa da datarsa, ya nemo abu uku: nawa ne, ina ne, da wa zai yi magana. Sannan ya tura saƙo, a duba agogo a ga lokacin da amsa za ta zo, da kuma hannun wanda saƙon ya faɗa. Inda ɗan'uwan ya tsaya yana lalube, a nan ne baƙi suke juyawa, kuma daga nan ya kamata gyara ya fara.