Daga Yamai zuwa Agadas: jami'a ba suna ba ce kaɗai

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a shekarar 1960, ba ta da makarantar ilimi mai zurfi ko guda. Yaron da ya ci jarrabawar bak, in ya yi sa'ar samun bursu, sai ya ɗauki akwatinsa ya nufi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. Waɗansu sukan komo da ilimin da ƙasa ke bukata, waɗansu kuwa can suke zamansu. Don magance wannan asara ne gwamnatin shugaba Diori Hamani ta buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama Jami'ar Yamai a 1973. Shugabanta na farko shi ne Bubakar Ba, masanin lissafi.

An fara da kaɗan. Sannu a hankali aka kafa sassa: na kimiyya, na adabi da tarihi, na horon malamai, na noma, na likita, da na shari'a da tattalin arziki. Kowane sashe yana da nasa shugaba, dukansu kuma suna ƙarƙashin shugaban jami'a da ma'aikatar ministan ilimi mai zurfi. A 1979 aka ɗanka ragamarta ga Abdu Mumuni Diofo, haifaffen Tasawa, wanda ya ƙare rayuwarsa wajen binciken yadda za a ci moriyar hasken rana. Ya rasu a 1991, a 1992 kuma aka sa wa jami'ar sunansa.

Amma rijiya ɗaya ba ta shayar da garken ƙasa duka. Ɗalibai suka yi yawa, ɗakunan karatu da na kwana suka kasa, bursu ya riƙa makara, yajin karatu ya zama abin kowace shekara. Ba a manta da ranar 9 ga watan Fabrairu na 1990 ba, sa'ad da ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy. Ga kuma nisa: ɗan Agadas sai ya ci kilomita fiye da 900 kafin ya isa Yamai, kuma iyaye da yawa ba sa yarda ɗiyarsu mace ta yi wannan tafiya.

Shi ya sa aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, sa'an nan na Agadas, Difa, Doso da Tillaberi a 2014. Wannan shawara ce mai kyau, babu mai musunta. Sai dai kafa jami'a a kan takarda abu ne mai sauƙi; raya ta shi ne aiki.

An ɗora wa Jami'ar Agadas nauyin ilimin ma'adinai da makamashi, kuma ya dace. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. Gawayin ƙasa na Cirozerin yana ba da wutar lantarki a arewa. A 2014 zinariyar Jado ta jawo dubban matasa, suna haƙa da hannu ba tare da sanin ƙasa ba. Da kamfanin Cominak ya rufe a watan Maris na 2021, ya bar tulin dattin ma'adini wanda sai masana za su iya lura da shi shekara da shekaru, don kada ya gurɓata ruwan sha. Wa zai yi wannan aiki in ba ƴaƴan ƙasa ba? Shekaru hamsin na haƙo sun isa a ce injiniyoyin da ke auna dutsen Abzin a Abzin suka yi karatu.

Abu uku ne ya wajaba hukuma ta tsaya a kansu. Na farko, malamai zaunannu. Malamin da ke zuwa daga Yamai ya zuba darasin wata uku cikin mako biyu ya koma, ba zai san ɗalibinsa ba, balle ya yi bincike. A ba malamai gida da alawus ɗin da zai zaunar da su. Na biyu, kayan aiki. Ba a koyon ilimin dutse da alli da allo kawai. Sai da ɗakin gwaji, da motar fita daji, da doka mai tilasta wa kamfanonin ma'adinai su karɓi ɗalibai koyon aiki. Na uku, a buɗe ƙofa ga talakawa. Mai garka a Timiya ko Tabelot da ke neman famfo mai aiki da rana, da makiyayin Irhazer da ke neman ruwa, su ma suna da haƙƙi a kan jami'ar da harajinsu ke ciyarwa. A riƙa bayyana masu sakamakon bincike da Hausa da Tamajak, a rediyo da azuzuwan yaƙi da jahilci.

Agadas ba baƙuwar ilimi ba ce. Malamai sun karantar a gindin hasumiyarta ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Nasara. Abin da ya rage shi ne a duba wahalar da Jami'ar Yamai ta sha, a ɗauki darasi tun jami'ar Agadas tana ƙarama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.