Hoto yana da baki, mu rufe mishi shi kafin mu watsa

Ƴan uwa matasa, yau maganar hoto na kawo muku. Mu da muke birni, Yamai ko Dosso, yawancin abin da muke sani game da karkara a hoto yake iso mana. Malamin lakwal a Kore Mairuwa ya ɗauki ajin zana da iska ta kwashe. Wata uwa a wani ƙauyen Tibiri ta ɗauki famfon da ya yi wata da watanni bai ba da ruwa ba. Wani ɗan kabu-kabu ya ɗauki ramin da ke kan babbar hanyar Dosso zuwa Dogon Dutsi. Su aiko, mu watsa, a yi ta sharhi. To amma wa yake ɗaukar kasadar? Wanda ya ɗauki hoton. Shi yake kwana a garin, shi zai gamu gobe a kasuwa da wanda hoton ya ɓata wa rai.

Abin da da yawanmu ba su lura da shi ba, hoton salula yana ɗauke da rubutu a ɓoye, wanda ake kira EXIF: ranar da aka ɗauke shi, awa da minti, irin wayar, in kuma GPS a kunne yake har da ainihin wurin da mutum ya tsaya. A Disamban 2012, John McAfee, attajirin nan mai manhajar kashe cutar kwamfuta, yana gudun ƴan sandan ƙasar Belize. Ƴan jaridar Vice suka saka hotonsu tare da shi a intanet, rubutun cikin hoton ya nuna yana Gwatamala. In mai miliyoyin dala ya tonu da hoto ɗaya, ina ga malamin ƙauye?

Wani zai ce ai WhatsApp yana goge wannan. Gaskiya ne, in an tura a matsayin hoto. In an tura shi a matsayin dokima, ko ta imel, ko ta Bluetooth, da rubutunsa yake tafiya cif.

Ga shawarar da nake kawowa ga duk ƙungiyar da take karɓar hotuna daga jama'a. A kwamfutar ƙungiya a buɗe dosiye biyu, ɗaya "shiga", ɗaya "fita". A sa ƙaramar manhaja tana gadin na farko. Duk hoton da ya faɗa ciki, ba sai kowa ya taɓa ba: ta goge ɓoyayyen rubutun, ta rage nauyinsa daga kamar mega 4 zuwa ƙasa da rabin mega, ta sake mishi suna, ta buga tambarin ƙungiya a gefe, ta aje shi a "fita". Dokar gida kuma guda ɗaya: abin da bai bi ta "fita" ba, ba ya hawa shafi. Kayan aikin kyauta suke. ExifTool yana nan tun 2003, ImageMagick ya ma girme shi. Ɗalibin da ya san kan kwamfuta a Jami'ar Dosso zai iya haɗa wannan cikin yini guda.

Me ya sa sai an bar wa inji? Don mutum yana gajiya. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, caji ya kusa ƙarewa, rezo yana zuwa yana tafiya, kowa yana cewa a saka yanzu kafin wasu su riga mu. A irin wannan lokacin ne ake mantuwa, shi kuwa dosiye bai san sauri ba, bai san barci ba. Ga kuma ribar rage nauyi: wanda ya sayi mega na dala ashirin a ƙauye shi ma zai iya buɗe hoton garinsu.

Kada kuma mu ɗora wa inji abin da ba zai iya ba. Signal ta fito da hanyar dushe fuska tun Yunin 2020, amma a Arewa ba fuska kaɗai take nuna mutum ba. Ƙofar gida, lambar moto, allon lakwal, gawon da ke bakin rijiya, zanen da mace ta ɗaura, duk ɗan gari yana gani zai ce wance ce. Don haka bayan inji sai ido, kuma idon ɗan yankin. Kafin nan ma sai tambaya: kin yarda a saka? Ka yarda? In ya ce a'a, magana ta ƙare.

Sharaɗi na biyu, gyaran ya tsaya ga kare mutum. Ba ƙara taro, ba cire abin da bai yi mana daɗi ba. A adana hoton asali da rubutunsa a wuri mai makulli, wanda ba ya haɗe da intanet, don ranar da aka ce ƙarya muke, shi ne shedarmu.

Na san masu cewa mai gaskiya ba ya ɓuya. To mu dubi inda muke. Dokar laifukan intanet ta 2019 ita aka yi amfani da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a Yunin 2020. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna, a Yunin 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3, sannan 2 zuwa 5 ga watsa abin da aka ce yana iya tada hankalin jama'a. Goge EXIF ba zai kare mu masu shafi ba, mu sunanmu a fili yake, kuma mun zaɓi haka da saninmu. Uwar da ta ɗauki famfo ba ta zaɓi komi ba, ruwa kawai take so.

Amana ce aka ba mu. Ran da mutum ɗaya ya shiga uku saboda sakacinmu, duk ƙauyukan Dallol Mawri za su ji, kuma ba mai sake aiko mana ko hoton akuya. Ku je ku tambayi mai riƙe da shafin ƙungiyarku: hoton da aka aiko jiya, ta ina ya bi kafin ya hau? In ya yi shiru, ku zauna wannan satin ku buɗe dosiyen.