Ba Hadari Ne Ya Rufe Wa Sarki Lear Ƙofa Ba

Wani malamin makaranta ya bugo mini waya ana tsakiyar shiri, ranar da muke hira kan wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna King Lear. Ya ce hadarin da ya tashi a babi na uku alama ce: sarauta ta rikice a ƙasa, shi ya sa sama ma ta rikice. Haka aka koya masa, haka yake koyarwa. Na gode masa a iska don ladabi, amma ban yarda ba.

A koma ga wasan a gani. Lear da hannunsa ya raba ƙasarsa, ya ba Goneril da Regan da suka iya daɗin baki, ya kori Cordelia da ta ƙi yi masa fadanci. Ya riƙe mahaya 100, 'ya'yan suka ce 50, suka ce 25, daga ƙarshe suka ce ko ɗaya ba ya bukata. Da ya fita cikin fushi, Regan da mijinta Cornwall ne suka umarci Gloucester ya kulle ƙofa. Kafin aradu ta faɗi an riga an gama ɓarnar, kuma kowane mataki da sunan wanda ya taka shi.

Shakespeare ma ya hango irin malaminmu. Tun a babin farko Gloucester ya ɗora rikicin gidaje da na fada a kan kusufin rana da na wata, ɗansa Edmund ya bi bayansa da dariya, yana cewa mutane sukan yi laifi su jingina wa taurari. Edmund mugu ne, na sani, amma a nan gaskiya ya faɗa. An yi wasan a gaban Sarki James ranar 26 ga Disamba 1606, lokacin da yake fafutukar haɗe Ingila da Scotland. Mutanen fadar sun san batun raba ƙasa ake yi musu.

Me ya sa na damu? Domin a New Bell nake kwana. Ruwan Yuli da Agusta iri ɗaya yake sauka a Bonanjo da Bonapriso da unguwarmu, amma mu ne muke ɗaga katifa a kan kujera da tsakar dare, mu ne muke kwashe laka daga shago da asuba. Ruwa na Allah ne, babu musu. Kwatar da ta toshe shekara da shekaru fa, ta wa ce? Unguwar kanta hukuncin mutum ce: Jamusawa ne suka tsara tura mutane nan bayan gari don su keɓe wa kansu bakin kogin Wouri, suka rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914 bayan ya ja da su.

Mu ma 'yan rediyo muna da laifi. Mun saba cewa "guguwar siyasa ta taso", kamar daga teku ta fito. A Fabrairun 2008 direbobi sun shiga yajin aiki kan kuɗin mai, matasa suka fito a Duwala kan tsadar abinci da shirin cire wa'adin shugaban ƙasa. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun haura 100. A watan Afrilu aka gyara tsarin mulkin. Wani ya ƙara kuɗin man, wani ya ba da umarnin harbi, wasu suka ɗaga hannu a majalisa. Da mun kira shi guguwa, duk mun wanke su.

Abin da hadarin ya yi a wasan ɗaya ne, kuma shi ake tsallakewa a aji. Ya jiƙa sarki. Sai da sanyi ya ratsa Lear, yana tsaye a bakin bukka, sannan ya tuna akwai talakawa marasa sutura da rufin asiri a ƙasarsa, ya amsa da bakinsa cewa bai kula da su ba. Ya haura shekara 80 kafin ya gano abin da yaron da ke tura baro a Kasuwar Kongo ya sani tun yana goye.

Malam, idan ka koma aji ranar Litinin, ka tambayi yaran wa ya ce a kulle ƙofar, ka ga ko nawa ne za su iya faɗin sunansa.