Mujiya: Baƙin jinin da ya bi ta daga Sin har Zurmi

A ƙauyukan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, in mujiya ta sauka kan katanga ta yi kuka da tsakar dare, har yau akwai masu cewa mutuwa ce ke tafe. Gari na wayewa yara sun fito da danƙo. Ko mutum aka tsangwama, cewa ake an mayar da shi mujiya.

Ba Bahaushe kaɗai ya ɓata mata suna ba. A tsohon rubutun Sinawa akwai harafin 梟, ana furta shi "shiyawo", wanda ya haɗa alamar tsuntsu da ta itace, kuma mujiya yake nufi. Mutanen da can sun yi camfin cewa in ta girma uwarta take cinyewa, sai suka ɗauke ta tsuntsuwa mai saɓa wa iyaye. Da harafin ake rubuta hukuncin sare kan mai laifi a kafa shi a kan sanda, kuma har gobe da shi ake kiran gawurtaccen dillalin ƙwaya.

Sai dai ba haka aka fara ba. A 1976 an tono kabarin Fu Hao a Anyang, matar Sarki Wu Ding, wadda ta jagoranci mayaƙa kimanin shekaru 3,200 da suka wuce. Cikin kayanta akwai tulunan tagulla biyu masu siffar mujiya. Wa zai binne sarauniya da abin ƙyama? Daga baya ne aka yi wa tsuntsuwar ƙage. Musulunci kuwa tuni ya soke camfi da ita.

A arewacin Zamfara camfin yana da tsada. 'Yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa, ɗan gero da dawar da aka samu kuma ɓeraye na jiransu a rumbu. Ɓera ne babban abincin mujiya, kuma wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Duk mujiyar da aka jefe, ɓera aka yi wa gata.

A Malesiya manoman kwakwar manja kan kafa mata akwatunan sheƙa a gona don ta rage musu ɓeraye, haka ma a Isra'ila da Jodan. Aikin bai wuce katako da ƙusa ba. Malaman gona da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda za su iya gwada shi kafin kaka mai zuwa.