Ƙurar Kabba da Darasin da 'Yan Siyasa Ba Su Ɗauka Ba

Ranar 2 ga Fabrairun 2019, jirgi mai saukar ungulu ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kife yayin sauka a Kabba, Jihar Kogi. Kowa ya tsira. Masu bincike sun danganta hatsarin da ƙurar da farfelar jirgin ta tayar, wadda ta rufe wa matuƙa ido.

Jirgin da ke shawagi dab da busasshiyar ƙasa yana turnuƙe kansa da ƙura. Matuƙi ya daina ganin ƙasa, jirgin ya zame gefe ba tare da ya ankara ba. Da zarar taya ɗaya ta taɓa ƙasa, sai ya kife. Idan kuma inji ya mutu a wannan matsayi, babu tazara ko gudun da za a yi saukar gaggawa da shi.

Nisa daga gari na ƙara munin lamarin. Gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi sun rasu a dajin Bayelsa a 2012. A 2024, sai da aka kwana ana neman tarkacen jirgin Shugaba Ebrahim Raisi a tsaunukan Iran.

Duk da haka, a lokacin yaƙin neman zaɓe, filayen ƙwallo da na makarantu ne ke zama wuraren sauka, jama'a na tsaye kusa. Alhakin hukumar kula da sufurin jiragen sama ne ta tilasta a duba filin, a jiƙa shi da ruwa, a nisanta taro, kuma a bai wa matuƙi ikon ƙin sauka ko da wane ne a cikin jirgin.